Babi Na Shida: Gyaran Tankin Tsohon Injin Kwale-kwale Idan Ya Lotsa

Tankin mai shi ne abin da ya fi shan wuya a cikin kayan injin kwale-kwale, injin nan da masunta ke ratayawa a gefen jirgi, su cire shi su saɓa a kafaɗa idan an dawo gaɓa. Ana jefa tanki cikin jirgi, ana taka shi wajen jan taru, igiyar ruwa tana maka shi da katako, a kan tudu kuma a ɗora masa kaya. Akwai ma lotsawar da ba duka ne ke kawo ta ba. A murfin tanki akwai ɗan noti na shan iska. Idan aka manta shi a ɗaure inji yana ta zuƙar mai, ko tanki ya sha rana ya huce da dare a rufe, sai cikinsa ya tsotse, bangon ya shige da kansa.

Injinan nan sun shigo sana'ar su a gaɓar Gana a ƙarshen shekarun 1950, suka rage wa masuntan Jamestown, Chorkor, Teshie da Elmina wahalar tuƙi da hannu. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, sai suka bazu har Yeji da Kete Krachi. Yau yawancin jiragen da ke shiga teku Yamaha mai ƙarfin doki 40 suke ɗauka, suna shan firimiks, wato fetur da aka gauraya da man inji aka rina shi shuɗi, wanda gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame tun shekarun 1990. Da yawa kuma sun koma zuba mai a duro da jarkar roba, har da rawayar jarkar nan da mutanen Akra ke kira galan ɗin Kufuor. Amma tsofaffin injina da tankunansu na ƙarfe ba su ƙare ba. Mazauna unguwannin Nima da Mamobi na Akra ba masunta ba ne, sai dai a cikinsu akwai masu walda, masu gyaran jikin mota, maƙera da dillalan tsohon ƙarfe, kuma hannunsu irin wannan tanki ke faɗawa, ko daga masunci mai neman gyara, ko daga 'yan gwangwan. Tun da hukuma ta tashi filin gwangwan na Agbogbloshie a watan Yulin 2021, cinikin tsohon ƙarfe ya ƙara warwatsuwa cikin unguwanni.

Sanin irin tankin

Kafin a ɗauki guduma sai an san da wane ƙarfe aka yi tankin, domin abin da ke gyara wani shi ke kashe wani. Gwajin ba shi da wuya. Idan mayen ƙarfe ya kama, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba sai a ɗan kankare fenti a wurin da ba a gani: rawaya tagulla ce, fari mara nauyi kuwa alminiyom.

Injinan farko tankinsu a kansu yake, a manne kusa da inda ake naɗa igiyar tayarwa. Haka Ole Evinrude ya ƙera nasa da ya fara sayarwa a Milwaukee ta Amurka a 1909, kuma tun shekarun 1920 kamfanonin Amurka suka karkata ga alminiyom don rage nauyi. British Seagull na Ingila, wanda aka daɗe ana ƙerawa a garin Poole har aka daina a 1996, ya shahara da tankin tagulla mai siffar ɗan ganga a kwance, daga baya aka yi wasu da baƙin ƙarfe. Da yake tankin shi ne ya fi turowa waje, duk lokacin da aka kwantar da injin ko ya faɗi, a kansa yake sauka, shi ya sa da wuya a samu wanda bakunansa ba su lotsa ba.

Tankin da ake ajiyewa daban a haɗa shi da inji da tiyo ya zo ne daga baya. Johnson ya fito da shi a 1949, Evinrude ya bi, kuma har ƙarshen shekarun 1950 tankunan nan masu tiyo biyu ne: ɗaya inji ke hura iska ta cikinsa zuwa tanki, iskar ta danno mai ya hau ta ɗayan. Irin wannan tanki ko ƙofar allura ta samu a jikinsa iska za ta zurare, mai ya ƙi hawa, inji ya mutu. Na bayansu masu tiyo ɗaya ne, inji ke zuƙo mai da famfonsa. Babban tankin Amurka yana cin galan 6 nasu, kusan lita 23, na Yamaha na ƙarfe kuwa lita 24. Ana yin su da falle biyu na siririn ƙarfe, sama da ƙasa, a haɗa su a tsakiya, kuma akan shafe ƙarfen da dalma haɗe da kuza, ko da tutiya, don kare tsatsa. Wannan shafen yana da muhimmanci ga duk abin da za a faɗa a gaba, domin wuta tana cinye shi, kuma ba mai iya mayar da shi daga ciki.

Dalilin ɓata lokaci kan tsohon tanki shi ne ba a ƙera irinsa yanzu. Kamfanin OMC mai Johnson da Evinrude ya karye a shekarar 2000, waɗanda suka saye shi kuma suka daina yin Evinrude a 2020. Injin da tankinsa ke kansa ba ya aiki sai da nasa. A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin injina, kuma a wurinsu tanki mai fentinsa da tambarinsa na asali, ko da ɗan lotse, ya fi wanda aka goge aka fesa wa sabon fenti daraja. Dillalin da ya murƙushe tankin tagulla ya ɗora a sikeli ya sayar da shi ne a mafi ƙarancin kuɗinsa.

Tururin fetur

Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari. Fetur ba ruwansa ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A cikakken tanki tururi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A tankin da aka juye kuwa an samu haɗin da ake bukata. Fetur ɗin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba ya isa ya mayar da tanki mai lita 24 abin fashewa. Kuma wannan ɗan abin yana da wuraren ɓuya: cikin haɗin falle biyu, ƙarƙashin ɓawon tsatsa, da cikin danƙon da tsohon mai ke bari. Tsofaffin injina man inji da yawa suke sha. Seagull na da kashi 1 na man inji ake zuba wa kashi 10 na fetur, Johnson na kafin 1964 kuwa 1 ga 24. Danƙon da irin wannan haɗi ya bari bayan shekaru yana riƙe fetur, da ya ji zafi sai ya sake shi. Saboda haka cewa tanki ya shekara goma a ajiye, ko an shinshina ba a ji wari ba, ba hujja ba ce.

Kafin a fara aiki, ana juye ragowar mai a cikin abu mai murfi, a cire murfin tanki, geji, bututun zuƙo mai da duk wata roba. Sai a zuba ruwan zafi da garin sabulu, a girgiza sosai, a zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa da maiƙo, sannan a bar shi a buɗe a rana da iska. Wanda ke da hanyar tura tururin ruwan zafi ta cikinsa na tsawon lokaci ya fi samun tsabta. Duk da haka, idan aikin zai kai ga wuta, sai a cika tankin da ruwa har kusa da wurin da za a taɓa, a bar ƙofa a buɗe ta sama, ko a cika shi da iskar da ba ta ci da wuta kamar argon ko naitirojin. Akwai al'adar da ta bazu a garejoji ta sa tiyo daga salansar mota a tura hayaƙi cikin tanki. Wani lokaci tana aiki, shi ya sa ba a bar ta ba, amma ba abin dogaro ba ce: hayaƙin tsohuwar mota yana ɗauke da fetur da bai ƙone ba da ragowar iska, kuma ba mai auna abin da ya shiga.

Wurin aiki ma abin dubawa ne. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana rarrafe. A lungunan Nima da Mamobi, inda shago ke manne da gida, mai koko da mai wake da shinkafa ke hura gawayi a bakin ƙofa, tururin zai iya tafiya ya tarar da murhun da mai aikin bai ma gani ba, wutar ta biyo shi ta dawo. Ruwan wankin farko kuma ba a zuba shi a kwata. Fetur a saman ruwa yake tafiya, kuma mutanen Akra sun ga abin da hakan ke haifarwa a daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya ta kwaso mai daga wani gidan mai a Kwame Nkrumah Circle wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu.

Karanta lotsawar

Lotsawa ba ɗaya ba ce. Akwai mai faɗi mara zurfi wadda ba ta da kaifi ko'ina, ita ce mafi sauƙi, wani lokaci turawa ɗaya ke fito da ita. Akwai mai layi, inda ƙarfe ya karye ya yi kaifi a gindinta. Akwai ta kan kusurwa ko kan haɗi, wadda ta fi kowacce taurin kai domin a nan ƙarfe ya fi ƙarfi. Sannan akwai wadda abu mai tsini ya yi, inda ƙarfen ya miƙe ya ƙara faɗi, ko an turo shi ba zai koma mazauninsa ba, sai ya yi tudu.

Idan aka shafa hannu a kewayen kowace lotsawa za a ji ɗan tudu ya zagaye ta. Ƙarfen da duka ya kora ne ya taru a nan, kuma shi ke riƙe da ramin. Wanda bai san aiki ba tsakiyar ramin yake nufa ya daka, sai ya samu ƙullutu a tsakiya, ramin kuma yana nan kewaye da shi. Ƙa'idar masu gyaran jikin mota ita ce abin da ya shiga a ƙarshe shi ke fara fita: a fara daga gefe, ana sassauta tudun nan da ƙananan bugu daga waje, ana turo ramin daga ciki, ana zagayawa ana matsowa tsakiya. Bugu ɗari marasa ƙarfi sun fi guda goma masu ƙarfi, domin duk bugu mai ƙarfi ƙara miƙar da ƙarfe yake yi.

A nan ne kuma ake yanke shawarar ko a taɓa ko a bari. Lotsawar da ba ta kan haɗi, ba ta hana murfi zama, ba ta taɓa bututu ko geji ba, ba ta rage wa tanki komai sai ɗan abin da yake ci. Masuncin da zai shiga teku gobe ba ruwansa da ita. Garin neman gira akan rasa ido: tankuna da yawa sun zo shago da lotsawa ba sa yoyo, suka koma sumul suna ɗiga.

Turawa daga ciki da jawowa daga waje

Hanyar da ta fi kowacce aminci ita ce wadda ba wuta a cikinta. Ana samun sandar ƙarfe mai kauri, a lanƙwasa ta daidai yadda za ta shiga ta bakin tanki ta kai bayan ramin, a yi wa kanta dunƙule mai santsi, ko a walda mata ƙwallon boris. Kai mai kaifi zane yake bari, ya kuma kankare shafen ciki. Mafi kyau a ɗaure sandar a bayis ta tsaya cak, a zura tankin a kanta, a danna shi da nauyin jiki, ɗayan hannun yana bugun tudun gefe da gudumar katako ko ta roba. Abin kiyayewa shi ne kada a mayar da wuyan tanki madogarar sanda. Wuyan liƙa shi aka yi, idan ya motsa yoyo zai fara a wurin da ya fi wuyar gyara. A tankunan da ake kwance farantin geji da bututu, ƙofar da ya bari ta fi bakin zuba mai faɗi, ta nan ya kamata a shiga.

Inda sanda ba ta kaiwa sai a jawo daga waje. Ga lotsawa mai faɗi, gam ɗin bindiga ya isa: a goge wurin, a manna kan noti ko ɗan faifan roba, a bari ya huce, a gitta katako a kan ramin da 'yan ƙafafu biyu, a riƙa ɗaure noti a hankali har ƙarfen ya biyo. Ba ya ɓata fenti sosai, kuma idan ya ɓalle ba a yi asarar komai ba. Ga mai taurin kai akwai dabarar masu gyaran lagireto: a kankare wurin har farin ƙarfe, a liƙa kan ƙusa ko wosha ta tagulla da dalma, a ja, a narkar a matsar gaba. Dalmar liƙi tana narkewa ƙasa da digiri 200, zafin da ba ya lalata ƙarfe. Tsofaffin masu liƙin gwangwani da babban ƙarfen liƙi suke yi, su gasa shi a gawayi can nesa su kawo, harshen wuta bai kusanci tanki ba. Wannan ya fi, amma bai ɗauke wajibcin wanki ba, domin ƙarfen da ya gasu sosai shi ma yana iya tayar da tururi.

Abu biyu ne ya kamata a guje wa. Na farko walda ƙusa da wutar lantarki a jikin tanki. Fallen bai cika wuce milimita 1 ba, nan da nan yake hujewa, ko bai huje ba shafen ciki ya ƙone, tsatsa ta samu wurin farawa. Hayaƙin dalma da na tutiya kuma guba ne, kuma shan madara bayan aiki, da masu walda da yawa suka yarda da shi, ba ya hana komai. Na biyu huda tanki a ɗaura sukuru a ja. A ƙofar mota ana iya yin haka a toshe. A tankin mai kowace huda sabuwar matsala ce.

Kayan wannan aiki duk ana samunsu a tsakiyar Akra. A kasuwar Makola ake samun garin sabulu, binega, tiyo da alli. Zongo Lane da ke kusa, inda ake sayar da kayan lantarki, akwai dalmar liƙi da gam ɗin bindiga. Fila, samfefa da fentin mota kuwa sai Abossey Okai.

Iska, ruwa da ƙanƙara

Tunanin da ke fara zuwa wa kowa shi ne a toshe tanki a hura masa iska, ramin ya fito da kansa. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna haɗarin. Matsin iska na ma'aunin ba (bar) 1, wato kusan rabin abin da ake sa wa tayar ƙaramar mota, yana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Gindin tanki mai faɗin santimita 30 da tsawon 40 murabba'i 1,200 ke nan, wato ya ɗauki kilo 1,200. Kwamfuresar mai faci tana kai wa ba 8, kusan tan 10 a kan falle ɗaya. Kuma iska ba ta san inda ramin yake ba, inda ya fi rauni take nufa. Ramin da ya karye ya yi tauri, shimfiɗaɗɗen gindi kuwa laushi gare shi, don haka gindin ne ke kumbura tanki ya daina zama a ƙasa, ko haɗi ya yage, ramin yana nan yadda yake. Idan ya yage ɗin kuma da ƙarfi yake yi, domin iskar da aka matse tana ajiye ƙarfi ta sake shi gaba ɗaya.

Idan ba makawa, to da famfon keke, da geji mai nuna ƙaramin matsi, kada a wuce ba 0.2 zuwa 0.3, a ɗaure tankin tsakanin allunan katako ta kowane gefe in ban da wurin ramin, a riƙa bugun tudun gefe a hankali. Iskar taimako kawai take yi, guduma ke aikin. Masu haɗa matsin iska da harshen wuta suna samun sakamako mai kyau a wasu lokuta, amma sun tara iska, zafi da tsohon tankin fetur wuri ɗaya, kuma ƙarfen da ya yi ja yana iya bulluƙowa ya fashe a fuskar mai riƙe da wutar. Ba dabarar da za a koya wa yaron shago ba ce.

Ruwa ya fi iska aminci domin ba ya matsuwa. A cika tanki maƙil ba sauran iska, a ƙara matsi da famfon hannu. Idan wani wuri ya buɗe, tsartuwa kawai zai yi matsin ya faɗi. Amma shi ma shimfiɗaɗɗen bango yake fara turawa, don haka ɗaurin katako ya zama dole. Ƙanƙara kuwa, da ake cika tanki da ruwa a sa a firiza, ta dogara ne ga cewa ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Ƙarfin yana da yawa, sai dai ba a iya tsayar da shi ko a nuna masa hanya, kuma ana ganin sakamakon ne bayan an riga an yi ɓarna.

Tagulla da alminiyom

Waɗannan biyu suna taurara idan ana bugunsu, in aka ci gaba su tsage. Maganin shi ne a gasa wurin ya yi laushi kafin a ci gaba. Tagulla ana gasa ta har ta fara ja kaɗan a inuwa, a bar ta ta huce. Tankin Seagull da ya lotsa sosai buɗe shi ake yi: a narkar da liƙin baki ɗaya, ko a yanke shi da siririn zarto, a zura katakon da aka sassaƙa daidai cikin gangar, a bi jikin da gudumar katako, bakin kuma a daidaita shi a kan turmin katako mai irin zurfinsa, sannan a mayar a liƙe. Aiki ne da maƙerin farfaru zai gane nan take. Tagullar da aka daka ba a gasa ba tana da wani ciwo na daban: tana tsagewa da kanta idan ta haɗu da amoniya. Sojojin Ingila sun gamu da haka a Indiya, inda kwanson harsasan da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa saboda fitsarin dawakin. Don haka ba a ajiye irin wannan tanki kusa da turken raguna, ba a kuma goge shi da man gogi mai amoniya.

Alminiyom ya fi yaudara. Yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya canza launi ba, yana nan fari sai kawai a ga wurin ya zube. Masu aikinsa suna shafa sabulun wanka a wurin, su gasa ta gefe, da sabulun ya yi baƙi su janye wuta, domin ya kai kusan digiri 400, laushin da ake nema ya samu. Ba a wanke shi da soda, cinye shi take yi, tana kuma fitar da iska mai kamawa. Idan ramin ya fi ƙarfin sanda, akan yanke taga a ƙasan tanki inda ba a gani, a yi aikin ta nan, a mayar da yankin da waldar argon. Wutar kabad da ake yi wa salansa ba kowane hannu ke iya riƙe ta a kan siririn alminiyom ba, kuma dalmar liƙi ta yau da kullum ba ta kama shi.

A baƙin ƙarfe, wurin da ya miƙe ya yi tudu yana motsi ciki da waje idan an danna, ana tsuke shi ne da wuta: a gasa ɗigo kamar girman kwabo ya yi ja, a buga kewayensa a hankali, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Yana aiki, amma kowane ɗigo ya ƙone shafen da ke bayansa. Tankin roba kuwa ruwan zafi da rana ke fito da lotsawarsa, idan ya tsage kuma ya gama aiki.

Gwaji, tsatsa da fenti

Ba a shafa komai a jikin tanki sai an gwada shi. A toshe ƙofofi, a ba shi 'yar iska da famfon keke, a bi haɗi, wuya da duk inda aka buga da ruwan kumfa. Wanda ba shi da geji sai ya cika tanki da ruwa, ya haɗa tiyo ya ɗaga shi tsawon mita 2 a cike, wannan ya ba da matsin ba 0.2, daidai abin da ake bukata. Akwai kuma gwajin alli da kananzir: a shafa jiƙaƙƙen alli a waje ya bushe, a zuba kananzir a ciki a bar shi ya kwana. Kananzir yana ratsa ƙofar da ruwa ba ya bi, kuma duk inda ya fito allin zai nuna tabo. Ƙaramar huda a tagulla ko baƙin ƙarfe dalma ke toshe ta. Sabulun da direbobi ke gogawa a tankin mota mai ɗiga yana riƙewa na ɗan lokaci domin fetur ba ya narkar da shi, amma ruwa yana narkarwa, kuma cikin kwale-kwale ba ya rabuwa da ruwa.

Tsatsar ciki ana fara ta da tsakuwa ko tarin notina a girgiza, sannan binega ko ruwan cire tsatsa, a ɗauraye, a busar da sauri. Iskar Akra mai gishiri ce, ƙarfen da aka wanke yana fara ja cikin 'yan sa'o'i, don haka da ya bushe sai a zagaya cikinsa da ɗan man inji. Ruwan shafen ciki da ake sayarwa a gwangwani yana da amfani idan ƙarfen ya fita tas. Idan an shafa shi a kan maiƙo ko tsatsa, ɓarewa yake yi ya bi tiyo ya toshe kabureta, wataƙila a tsakiyar teku.

Fila ta waje ce kawai, siririya, don ɓoye ɗan abin da guduma ta bari. Ba ta toshe yoyo, kuma mai kauri tana ɓallewa da jijjigar inji. Fenti sai wanda fetur ba ya jiƙawa, kuma an saba yi wa tankin fetur ja don a bambanta shi da na ruwa. A mayar da sababbin robobi a murfi da geji, a tabbatar notin shan iska yana buɗewa, in ba haka ba lotsawar tsotsa za ta dawo.

Akwai tankin da ba ya karɓar gyara. Ruwan da ke shiga mai ƙasa yake kwanciya, don haka tsatsa daga gindi take ci, daga ciki zuwa waje. Idan aka danna gindin da kan sukundireba ya yi laushi, ko aka toshe huda ɗaya wata ta buɗe kusa da ita, ko haɗin tsakiya ya yage da tsawo, to ƙarfen ya ƙare, kome kyan samansa. Irin wannan sai a cire murfi, geji da mahaɗin tiyo a ajiye don wani tankin, a wanke gangar kamar yadda aka bayyana, a huda ta yadda ba wanda zai sake zuba mata mai, sannan a miƙa wa 'yan gwangwan.